An Ɗora Ka Kan Abokan Aikinka, To Sai Yaya?

 

Mun daɗe muna maganar neman aiki: yadda ake rubuta takarda, yadda ake shiga intabiyu, yadda ake haƙuri da jira. Yau sai mu leƙa ɗaya ɓangaren. Mutum ya samu aikin, ya yi shekara uku ko huɗu yana ƙoƙari, sai aka kira shi aka ce daga ranar Litinin kai ne manaja. Kuma ba wani sabon reshe aka tura shi ba. A nan dai, cikin mutanen da yake cin abinci da su a kwano ɗaya, waɗanda jiya-jiya tare suke gulmar oga. A cikinsu akwai abokinsa, akwai wanda ya koya masa aikin, akwai kuma dattijon da ya haife shi.

Ranar farko daɗi. An sa hotonka a sitatus, addu'a ta ko'ina, Allah ya taya riƙo. Bayan mako biyu kuwa barci ya fara gagara. To wannan mutumin nake so mu yi wa magana yau, ko namiji ne ko mace.

Abin da nake so ka fara ganewa shi ne, sana'a aka canza maka. Yawancinmu muna ɗaukar ƙarin girma kamar lada ne na aikin da muka iya, wato ka ci gaba da abin da kake yi, sai dai kujera ta fi laushi, albashi ya ɗan ƙaru. Ina! Aikin da ka iya ɗin an karɓe shi, an ba ka wani wanda ba ka taɓa yi ba, kuma a mafi yawan wuraren aikinmu ko horon kwana ɗaya ba za a ba ka ba.

Akwai wani malami ɗan ƙasar Kanada, Laurence Peter, da ya fitar da littafi a 1969 a kan wannan. Cikin raha ya yi maganar, amma ta zauna. Abin da yake nufi a taƙaice: ana yi wa mutum ƙarin girma saboda ya iya aikin da yake kai, a yi ta ɗaga shi, har ya kai matakin da bai iya ba, sai ya maƙale a nan. Shekara 50 bayan haka, a 2019, wasu masana tattalin arziki su uku a Amurka suka bi bayanan masu sayar da kaya a kamfanoni sama da 100. Suka ga lallai wanda ya fi kowa ciniki shi aka fi ɗorawa a kan saura, kuma sau da yawa cinikin na ƙasa da shi ba ya kai na waɗanda aka ɗora musu wanda bai kai shi iya ciniki ba. Waɗanda suka saba yin aiki tare da wasu tun suna ƙasa, su suka fi iya riƙon mutane.

Ku 'yan ƙwallo kun fi kowa sanin wannan. Maradona ya ɗauko wa Ajantina kofin duniya a 1986 kusan da ƙafarsa. Da aka ba shi koci, a 2010 Jamus ta zura musu huɗu ba ko ɗaya a kwata fainal. Mourinho kuwa bai yi wani suna a fili ba, tafinta ya yi wa Bobby Robson, ga inda ya kai. Ba ina cewa gwani ba ya iya shugabanci ba ne. Marigayi Stephen Keshi ya ci kofin Afirka yana ɗan wasa a 1994, ya sake ci yana koci a 2013. Amma ku tuna yadda ya yi: ya ajiye wasu manyan sunaye, ya ɗauki 'yan wasan gida, aka yi ta surutu, kuma ɗan wasan gida, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta kawo kofin. Ranar Keshi bai taɓa ƙwallo ba. Zaɓen mutane ya yi, ya tsaya a kan zaɓinsa.

Tarkon farko da sabon manaja yake faɗawa ke nan: “Bari kawai in yi da kaina.” An kawo maka rahoto duk kurakurai, kai kuma ka san cikin minti 40 za ka gyara, koya wa mai shi kuwa zai ci maka awa biyu. Sai ka karɓa ka gyara. Gobe ma haka. Kafin wata uku kai ne ƙarshen tashi daga ofis, kana aikin mutum biyar, su kuma sun gane cewa ko sun kawo rabi oga zai ƙarasa. Andy Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, ya yi bayani a littafinsa na 1983 cewa aikin manaja ana auna shi ne da abin da mutanensa suka fitar. Idan ka yi aiki kamar jaki amma sashenku bai cika taget ba, sunanka ka faɗi.

Kuma wajen ba da aiki akwai wata matsala tamu ta gida. Mu “to” ba ta nufin an gane. “To ranka ya daɗe”, “an gama”, “ba matsala”, duk ladabi ne. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya mayar wa babba magana ba zai ce maka bai fahimta ba, sai ranar da aikin ya lalace. Saboda haka in ka ba da aiki, faɗi abin da kake so, da ranar da kake so, da yadda zai kasance in ya kammala. Sannan ka ce, “Ɗan maimaita min yadda za ka ɓullo masa, in ji ko na yi bayani daidai.” Ka lura, laifin ka ɗora wa bayaninka, saboda haka ba ka kunyata kowa ba.

To yanzu mu zo inda gizo yake saƙar.

Hausawa suka ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum. Mutanen nan sun san ka. Sun san ranar da ka makara ka ce taya ce ta yi faci. Sun san abin da ka faɗa a kan tsohon manaja. Baƙon da aka kawo daga Legas ko Abuja yana da kwarjinin baƙunta, kai ba ka da shi. Wasu sabbin manajoji sai su nemi kwarjinin da ƙarfi: a canza tafiya, a daina dariya, a fara Turanci da wanda jiya kuke Hausa. Wasu kuma sai su bi ta ɗaya hanyar, “ai ni ban canza ba, duk ɗaya muke”, kowa ya yi abin da ya ga dama. Na farkon za a tsane shi, na biyun za a raina shi, kuma in ka tambaye ni, na biyun ya fi saurin rasa kujerar.

Mu fara da dattijon. Wataƙila ya shekara 20 a wurin. Wataƙila ma shi yake sa ran kujerar, aka tsallake shi aka ba ka saboda kana da digiri kuma ka iya kwamfuta. Kada ka yi kamar ba ka san da wannan ba, kowa a ofis ɗin ya sani. A makon farko, kai za ka tashi ka je inda yake, ba aika masa za ka yi ba. Ka gaishe shi yadda ka saba, in Baba kake ce masa, ci gaba da Baba. Ka ce, “Baba, wannan nauyi an ɗora min, kuma kun riga ni sanin wurin nan. Ina so in na karkace ku kira ni gefe ku faɗa min. Ni ma in na ga wani abu a ɓangarenku, gefe zan kira ku, ba za ku ji shi a gaban yara ba.” Ka ga a cikin maganar nan ka ba shi girmansa, kuma ka sanar da shi cikin ladabi cewa ranar gyara za ta zo.

Sannan ka tambaye shi da gaske. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya san dalilin da ya sa ba a ba wane dila kaya bashi, shi ya san wace dabara aka gwada shekara takwas da suka wuce ta watse. Sabon manaja yakan zo da zafin canza komai a watan farko don a san ya zo. Ka ɗan dakata. Wani tsarin da kake gani wauta ne, wata gobara ce ta haife shi.

Amma fa shawara daban, hukunci daban. Za ka saurari Baba, wani lokacin ka bi tasa, wani lokacin ka ce, “Na ji, na kuma gode, amma a wannan karon ga yadda za mu yi.” In kunya ta hana ka faɗin wannan jimlar, to an samu sarki biyu a gari ɗaya, kuma ranar da abu ya ɓaci ba Baba za a kira sama ba.

Ke kuma 'yar'uwa da aka ɗora ki kan maza, naki ya fi nauyi, ba sai an ɓoye ba. Za a samu wanda zai riƙa tsallake ki yana kai magana wurin na sama da ke. Za a samu mai ce miki “ƙanwata” a tsakiyar mitin, da wata murya da ke kin san ba ta zumunci ba ce. Kada ki tsaya faɗa a gaban mutane, abin da ake jira ke nan a ce mata ba su iya riƙe fushi ba. Ki je wurin ogan naki tun da wuri ki roƙe shi abu ɗaya: duk wanda ya tsallake ki ya zo wurinsa, ya tambaye shi, “Ka yi magana da manajarka?” ya maido shi. In ya yi haka sau biyu, hanyar ta toshe.

Sai abokai. Wannan ya fi na dattijon ciwo.

Za ka lura gurup ɗin WhatsApp da kuke hira ya yi tsit. Ba mutuwa ya yi ba, an buɗe wani babu kai. Kada ka ji haushi, kada kuma ka sa a bincika maka abin da ake faɗa a ciki. Kai ma da kana ƙasa kana buƙatar inda za ka sauke numfashi. Babba juji ne, dole a zuba.

Abokinka na kusa kuwa, ka same shi tun kafin wani abu ya faru, a wajen ofis, ko wurin mai shayi ne. Ka ce, “Mutumina, abotarmu tana nan. Amma daga takwas zuwa biyar, in ka makara zan yi maka magana kamar kowa, kuma akwai abin da zan ji a sama wanda ba zan iya faɗa maka ba. Kada ka ɗauka wani abu ne.” Zai yi dariya ya ce haba, ai ba sai ka faɗa ba. Faɗa dai. Domin ranar tana zuwa. Zai makara, ko ya kasa kawo aiki, kuma duk ofis za su yi kamar suna kallon kwamfuta alhali kai suke kallo. Abin da ka yi a wannan ranar shi ne dokar wurin, ba abin da aka manna a bango ba. In ka kau da kai, gobe ba ka da bakin yi wa kowa magana. In kuma ka wuce gona da iri, ka tozarta shi don a ga ba ka da son kai, nan ma zalunci ne, kuma sauran za su ce wanda ya yi wa amininsa haka, mu fa?

Kuma ku sani, ba a jawabin mitin ake gane adalcin manaja ba. A ƙananan rabo ake ganewa. Wa zai yi aikin ranar Asabar? Wa zai samu hutu a makon Sallah? Wa za a tura taron bita a Abuja, inda akwai otal da alawus? Masu aiki a ƙungiyoyi masu zaman kansu kun san yadda maganar alawus ɗin tafiya take raba kan ofis. Dabarar ita ce ka kafa ƙa'ida kafin suna ya shigo. A yi jadawali, a bi layi, kowa ya gani. In ka jira sai tafiya ta taso sannan ka zaɓa, ko da gaskiya ka zaɓa, za a ce ɗan garinku ne ko abokinka ne.

Akwai kuma wani mutum da zai zo maka a makon farko, ya rufe ƙofa, ya rage murya, ya ce, “Oga, don ina ƙaunarka ne, ka yi hankali da wane.” Wannan bawan Allah haka ya yi wa wanda ya gabace ka. Ka ce masa, “To bari in kira wanen mu zauna mu uku.” Za ka ga yadda maganar za ta canza. Maimakon ka dogara da masu kawo rahoto, ka ware wa kowane mutum da ke ƙarƙashinka minti 20 ko 30, ko da sau biyu a wata, ku biyu kawai. Ka bar shi ya fi ka magana. Me ke hana ka aiki? Me kake buƙata daga wurina? Farko za a ce “ba komai, alhamdu lillahi”. Ci gaba da kira. Ranar da wani ya faɗi matsala ɗaya ka magance ta, labari zai zaga da kansa.

Na gida ma ba za su bar ka ba. Takardun neman aiki za su fara shigowa daga ƙanin mama da ɗan maƙwabta, an ji ka zama oga. Faɗi gaskiya tun farko: ga iyakar ikona, in an buɗe ɗauka zan sanar da ku, amma ba ni nake zaɓa ni kaɗai ba. Alkawarin “za mu gani” shi yake ɓata zumunci, ba “a'a” ba.

Yanzu wani ɓangare da matasanmu ba su cika kula da shi ba, wato doka. Da zarar an ba ka mutane, haƙƙinsu yana bi ta teburinka. Ku na Nijar, Ghana da Kamaru dokokinku daban ne, ku nemi naku, amma a Najeriya dokar ƙwadago ta fayyace wasu abubuwa. Ma'aikaci yana da haƙƙin a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. In ya cika wata 12 yana aiki, yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki, da albashinsa. Hutun rashin lafiya da biya har kwana 12 a shekara, in likita ya tabbatar. Mai juna biyu tana da mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, kuma in ta yi wata shida a wurin, ba za a biya ta ƙasa da rabin albashi ba. Sallama ma tana da wa'adi: wanda ya yi wata uku ko ƙasa, sanarwar kwana ɗaya, sama da wata uku zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya, shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kamfanoni da yawa da aikin gwamnati suna ba da fiye da haka. Saboda haka in ranka ya ɓaci, kada bakinka ya yi saurin cewa “kada ka dawo gobe”. Akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, kuma aikinta ke nan. Takardar tuhuma ma, wadda muke ce wa kweri, ba sandar huce haushi ba ce. Tambaya ce a rubuce, mai rana da abin da ya faru, wadda take ba mutum damar kare kansa. Kafin ka kai ga rubuta ta, ya kamata a ce kun yi magana baki da baki.

Ga wani abu da zai ba ka mamaki. Ita wannan dokar, a inda ta fassara wane ne “ma'aikaci”, ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwararru. Wato kai da aka ɗaga, kariyarka yanzu ta fi dogara da abin da ke cikin takardar yarjejeniyarka. To ina takardar? Da yawa da baki ake yi musu ƙarin girma. “Ka riƙe mana wurin tukuna.” Sai mutum ya shekara yana riƙon ƙwarya, aikin manaja, albashin da. Ka nemi takarda, cikin ladabi, kuma ka nemi a fayyace maka: ina da ikon ba da hutu? Nawa zan iya kashewa ba tare da na nemi izini ba? In mutum ya ƙi aiki, me ke hannuna, me ke hannunku? Da me za a auna ni bayan wata shida? Wanda aka ba wa alhaki ba a ba shi iko ba, an ajiye shi ne kawai don a samu wanda za a ɗora wa laifi.

Shi kuma ogan naka na sama, abu ɗaya ya fi tsana: ya ji mummunan labari daga bakin wani. In kun ga ba za ku cika taget ba, faɗa masa ranar 15 ga wata, kada ka bari sai 30. Ka je da matsalar da abin da kake ganin za a yi. In aiki ya yi kyau, ka ambaci sunan wanda ya yi a gabansa. In ya ɓaci, ka ce sashena ne, sannan ka koma ciki ku yi ta ku.

Sai sa hannu. Jiya sa hannunka na karɓar albashi ne, yau yana fitar da kuɗi da kaya. Za a kawo maka takarda ƙarfe biyar saura, direba yana jira, a ce “Oga sa hannu kawai, haka ake yi kullum.” Wani lokacin ma wanda ya fi ka muƙami ne zai bugo waya ya ce ka sa, zai yi bayani daga baya. Karanta. In lissafi bai hau ba, tambaya. In an matsa, ka ce a turo maka umarnin a rubuce, ko ta imel ko ta saƙon waya. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, ba sa tambayar wa ya bugo waya, sunan da ke ƙasan takarda suke nema, kuma wanda ya bugo wayar zai ce bai tuna ba.

Lokaci ya ja, a nan za mu dakata. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin abokinsa, ko aka ɗora shi kan wanda ya girme shi, ya rubuto mana yadda suka kwashe, ba sai an faɗi sunan wurin aiki ko na mutum ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauko maganar ta ɗaya gefen: kai ne aka tsallake, aka ɗora ƙaninka a kanka. Zama za ka yi, ko neman wani wurin?

Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.